Kabab a Alƙahira, Ibro a wayata

Daren Alhamis da ya wuce ina zaune a wani gidan shayi a unguwar Sayyida Zainab, irin wanda Misirawa ke kira ahawa: kujerun katako a bakin titi, ɗan teburin ƙarfe da bai fi faranti ba, hayaƙin shisha, 'yan domino suna buga ƙwaya kamar masu faɗa. Talabijin na rataye can sama kusa da fanka, ba mai kula ta. Sai aka sako wani tsohon fim na Adil Imam, shahararren ɗan wasan barkwancin Masar, Al-Irhab wal Kabab, wato ta'addanci da kabab. Kafin ka ce kwabo an ajiye domino, kowa ya juya kujerarsa.

A 1992 fim ɗin ya shiga gidajen sinima, lokacin Hosni Mubarak na kan ganiyar mulki. Wani magidanci ne ya je Mugamma, ƙaton ginin da ofisoshin gwamnati ke ciki a lokacin, a dandalin Tahrir, don kawai a sauya wa 'ya'yansa makaranta. Yau a ce jeka ka dawo, gobe haka. Wannan ma'aikaciya tana kan waya, wancan kullum yana kan sallaya, mai sa hannun kuwa ba a taɓa samun sa a kujerarsa. Ransa ya ɓaci, aka yi kokawa, bindigar mai gadi ta faɗo hannunsa, shi ke nan aka ce 'yan ta'adda sun kame gini. Ministan cikin gida da kansa ya zo yana tambayar buƙatunsu. Mutumin nan ya yi tunani, ya rasa abin da zai nema, shi da mutanen da ake cewa ya yi garkuwa da su. Sai suka ce a kawo musu kabab, gasasshen naman da talaka ba ya iya saya.

Wani tsoho kusa da ni, da jallabiya da casbi, yana faɗin maganganun fim ɗin tun kafin 'yan wasan su buɗe baki. Ya yi dariya har ya sarƙe da shayi. Na ƙirga, shekara talatin da wani abu ke nan, amma dariyarsa ta mai ciwo ce da aka taɓa masa gyambo.

Abokina Bamisire ya juyo ya ce, "Ɗan'uwa, ku a ƙasarku wa kuke yi wa dariya?" Da alfaharina na zaro waya na nuna masa marigayi Ibro. Ya kalla, ya murmusa don kara, sannan ya ce, "To shi wannan da wa yake?" Na buɗe baki na rufe.

Tun ranar nake juya tambayar. In za mu faɗa wa kanmu gaskiya, barkwancin fina-finanmu ƙasa yake kallo. Baƙauye ya shigo birni, Bafulatani da saniyarsa, ɗan Gwari, Inyamuri mai gurɓatacciyar Hausa, mai in'ina, mace mai ƙiba. Duk wanda ba zai iya kai ka ƙara ba. Yaushe rabon da ka ga kwamishina a fim ɗin ban dariya ana yi masa tsirara a kasuwa, ba wani Alhaji marar suna ba?

Na san abin da za ku ce, kuma da gaskiyarku. A 2008 kotun tafi-da-gidanka ta hukumar tace fina-finai ta Kano ta ɗaure Ibro, mutumin da ya taɓa yin aikin gandiroba, wata biyu kan fim ɗinsa Ibro Aloko. A 2022 wasu samari biyu suka sha bulala ashirin-ashirin saboda sun yi wa gwamnan Kano shaguɓe a TikTok. Wa zai zuba jarinsa bayan ya ga haka? Su ma nan ba aljanna ba ce: a 2012 an yanke wa Adil Imam wata uku bisa zargin ɓatanci ga addini kafin kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi, shirin barkwancin siyasa na Basim Yusuf a talabijin kuma ya mutu a 2014. Amma dai fim ɗin kabab ya fito, aka yi wa ministan dariya a majigi, ƙasa ba ta tsage ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba mu rasa gadon abin ba. Mu ne masu tashe, mu ne masu 'yan kama, mu ne masu wasan gauta da ake kwaikwayon sarki a cikin gidansa yana kallo. Samanja ya yi wasa da kakin soja a zamanin mulkin soja. Duk wannan ban iya faɗa wa abokina ba, Larabcina bai kai can ba.

Kuma ma wa ya ce ya fahimci Ibro? Yadda yake karya wuya, yadda yake jan "Yallaɓai" har ka ji rainin da ke ciki, wannan ba ya shiga fassara. Na tuna gidan kallon unguwarmu, janareto na ƙugi, mun cika benci har ƙasa, Ibro bai ma yi magana ba, leƙowa kawai ya yi, ɗaki ya ɗauka. Da ya rasu a Disambar 2014 ina nan garin, a Facebook na gani, ban sami ko mutum ɗaya a gininmu da zan yi wa ta'aziyya ba.

Da na koma ɗaki daren nan sai na sake kunna bidiyon. Na yi dariya ni kaɗai har maƙwabcina ya buga bango.