Takalmi a waje, hula a ka

Tun daga tashar jirgin ƙasa ta birnin Cork, a ƙasar Ireland, na fara zubar da girmana. Ɗan ƙanwata da ke karatu a can ya ce, "Kawu, bari in yanko mana tikiti." Na ce ya tsaya, mutumin da ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya ba a yi masa tafinta. Na ɗaga kai na dubi allo, na ga an rubuta Cobh, sunan garin da za mu, na ce wa mai sayar da tikitin, "Kob-ha." Ta ce in maimaita. Na ƙara ɗaga murya, kamar a kunnenta matsalar take. Sai yaron ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Kov." Ashe a harshen mutanen Ireland in b ta haɗu da h, wani sauti daban suke haifarwa. Na ce ai na sani, gwada ta nake yi.

Ko rabin awa ba mu yi ba muka sauka a bakin teku. Yaron ya shiga zuba mini tarihi: a 1849 Sarauniya Victoria ta ziyarci garin, aka sa masa suna Queenstown, sai a 1920 ya bar sunan. Nan ne kuma jirgin ruwan Titanic ya yi zangonsa na ƙarshe ranar 11 ga Afrilu, 1912, ya ɗebi mutum 123. Na ce masa kada ya ƙara yi mini zancen jirgin da ya nutse alhali ina tsaye dab da ruwa.

Babbar majami'ar Katolika ta St Colman tana bisa tudu, hasumiyarta mita 91 ta soki gajimare, ka ce miƙa hannu za ka yi ka taɓa ta. Hangen Dala ba shiga birni ba. Hanyar a tsaye take kamar tsani, ga yayyafin nan nasu wanda ba ya zuba sosai kuma ba ya ɗaukewa, ga iskar teku ta samu babbar rigata ta cika ta tim, har na fara tunanin ko a sama zan ƙarasa tafiyar. Gwiwoyina suka soma ƙara irin ta tsohon ƙyaure. Duk inda na tsaya shan iska sai in yi kamar ginin nake nazari. A irin wannan tsayuwar na ji cewa a 1868 aka fara aikin, ba a keɓe shi don ibada ba sai 1919, kuma 'yan ƙasar da suka yi ƙaura zuwa Amurka da Ostareliya sun aiko da gudummawa mai yawa. Shekara 51! Nan take na yafe wa maginin da ya riƙe mini gida shekara shida.

Yaron ya tsaya ɗaukar hoton wasu gidaje masu launi-launi da suka jeru a gangare, ni kuwa na isa ƙofa ni kaɗai. To, ni dai tun ina ɗan allo abin da aka koya mini shi ne, ɗakin ibada ba a shigarsa da takalmi. Hannuna ne ma ya yi aikin kafin kaina ya yi shawara. Na tuɓe su, na jera su tsaf a gefen matakala, a waje, na gyara zaman hulata zanna bukar, na shiga da ladabi.

Sanyin daɓen ya ratsa safata ya hau har haƙora. Amma gini ya ginu, gaskiya: ginshiƙai na sheƙi, rufi can sama sai ka riƙe hula kafin ka hango shi, wata ƙatuwar taga mai zagaye tana tace haske ja da shuɗi. Ina tafe a hankali, safa na cewa caɓal, caɓal, sawuna na bina a baya ɗaya bayan ɗaya. Na lura ana kallona. Da farko na ɗauka aikin rigar ne ya burge su. Da kallon ya yi yawa sai raina ya ɓaci, na yi gunaguni da Hausa, tunda na tabbata daga ni sai Allah: "Kallo kamar na ci musu bashi. Kuma dube su, kowa da takalmi a ɗakin ibada, ko kunya babu."

"Sannu da zuwa, Alhaji," in ji wata murya a bayana. "A nan hula ake cirewa, takalmi a bar shi a ƙafa."

Na waiga. Wani tsohon Bature ne, fari fat, da sanda, yana murmushi. Na sake waigawa ɗaya gefen ina neman wanda ya yi maganar. Ya ce, "Ni ne. Ina gajiya? Ina uwargida?"

Ashe Fada ne mai ritaya, ya yi shekaru masu yawa tsakanin Kaduna da Jos, cikin limaman mishan da suka riƙa zuwa Arewa daga Cork. Hausarsa irin ta dattawan da ce, ba gauraye. Na amsa gaisuwa baki na rawa, sannan na ce, "Baba, duk abin da na faɗa ka ji?"

Ya ce, "Har da na bashin."

Na cire hula na maƙale a hammata. Sanƙona da na shekara goma ina ɓoyewa ya fito fili a gaban mutanen Turai. Muka taɓa hira, ya tambaye ni ko har yanzu ana sanyi a Jos, ya ce tuwon acca yake marmari, muka yi sallama da mutunci, iya wanda ya rage mini.

A waje na tarar takalmana sun cika da ruwa fal, har ganye na yawo a cikin na hagu. Na sunkuya ke nan zan zubar, sai ƙararrawa ta ɓarke a bisa kaina. Ba guda ɗaya ba ce, 49 ne a hasumiyar nan, babbar cikinsu ta haura tan 3. Na zabura na yi salati da ƙarfi a ƙofar coci, hula ta suɓuce, iska ta karɓa. Ina tsaye da takalmi a kowane hannu ina kallonta tana gangarawa wajen teku, ta yi a minti ɗaya tafiyar da ta cinye mini gwiwa. Da na juya, ga yaron nan da waya a sama, kafaɗunsa na rawa.

"Kawu, wallahi ba zan tura wa kowa ba."

Muna cikin jirgin komawa, takalma a leda, ƙafafuna cikin wata koriyar safa da na saya a shagon tsaraba, sai wayata ta yi ƙara. Uwargida ce. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba.

"Alhaji, hular da na saya maka da Sallah ce waccan?"