Katakon Jamus

Ranar Juma'a, hanyar kasuwar Wudil. Alhaji ya rage wa Kafinta hanya, ba don neman lada ba, don dai ya samu wanda zai yaba masa mota.

ALHAJI: Zauna a hankali, kar ka yaga min ledar kujera. Da ita ta fito daga kamfani.

(Wane kamfani? Beljiyam ce, ta Kwatano ta shigo. Ledar katifar amarya ce aka yanka aka lulluɓe kujerun, ga sunan katifar nan baro-baro a bayan ta direba.)

ALHAJI: Kai da ka san itace, shafa gaban nan ka faɗa min.

KAFINTA: (ya ƙwanƙwasa, ƙwas ƙwas) Ranka ya daɗe, wannan ai ƙarar buta ce.

ALHAJI: Buta? Katakon Jamus ne! Kai da ba ka wuce maina da darbejiya ba, ina ka san kukan itacen Turai?

KAFINTA: Shekara talatin ina riƙe da zarto. Dubi wannan idon da ke jikinsa. Ga shi a ƙofata, ga shi a taka, ga shi a ƙofofin baya, duk iri ɗaya kamar an buga hatimi. Wace bishiya ce ke yin ido huɗu iri ɗaya?

ALHAJI: Bishiyar Bature. Su komai nasu a tsare yake.

KAFINTA: Hoton katako ne aka manna wa roba, Alhaji. Peugeot 504 ta marigayi babanka, haɗin Kaduna, mu takwas take ɗauka da buhun gero, ba ta taɓa cewa ita katako ce ba.

ALHAJI: Ita tana da talabijin? Ga tawa.

KAFINTA: Kunna mu gani.

ALHAJI: Da Jamusanci take magana, ba za ka gane ba.

(Tun da ta zo ba ta ce uffan ba. A jikinta yake rataye carbi.)

Rana ta take. Leda ta kama bayan Kafinta kamar ƙaho a hannun wanzami.

KAFINTA: Alhaji, a taimaka da ɗan sanyin nan mana.

ALHAJI: Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ban taɓa wannan maɓallin ba. Kuma sanyi na ɓata katako.

KAFINTA: To bari in sauke gilashi.

Ya danna. Maɓallin ya zurma cikin ƙofa, aka ji faɗuwarsa can ƙasa, ƙwal.

ALHAJI: Shi ke nan, ka tura shi ma'ajiyarsa. Bar shi, akwai biyu a can.

Miliyoyi mutum zai zube wa dillali, a miƙo masa abin da cikinsa robar bokiti ce, ya dawo ƙauye yana hana yara taɓawa. Suna hawa gadar Wudil motar ta yi tsalle, sai ga wani yanki na katakon ya ɗago daga gefe, ya nannaɗe kamar ganyen rama a rana. Baƙar roba ta bayyana.

KAFINTA: To Alhaji, wannan fa?

Alhaji ya leƙa. Ya lashi ɗan yatsa ya danne wurin, ya sake ɗagowa.

ALHAJI: Ɓawo ne. Ka taɓa ganin itacen da ba ya ɓawo?

KAFINTA: Ban taɓa ba, ranka ya daɗe.

ALHAJI: To cire shi a hankali ka ba ni. Hajiya na neman na turare.