Ranar da Foldata Ta Yi Layar Zana

Wani abokin aikina ne ya ja mini, da ya koya mini rabin karatu. Ya ce idan kana son ɓoye folda a kwamfuta, ka danna ta da maɓallin dama na linzami, ka shiga Properties, ka sa alama a Hidden, shi ke nan. Na gwada, ta ɓace ɓat. Yadda ake dawo da ita kuwa, ban tambaya ba, shi ma bai faɗa ba.

Kada zuciyarku ta tafi nesa, ba wani abin kunya ne a ciki ba. Lissafi ne. Ni mutum ne mai rubuta duk abin da ya kashe, har tsiren da nake tsayawa in ci a Zoo Road bayan isha'i, da balangun ranar albashi. To, wata uku ke nan ina gaya wa uwargida gari ya yi zafi, a yi maneji da miyar kuka. Kwamfutar kuma ɗaya ce a gidan, da ita take lissafin adashenta.

Sai ga makarantar yara ta nemi takardun haihuwarsu, na tuna hotunan takardun suna cikin wannan foldar. Na duba ko'ina. Na leƙa kwandon shara na kwamfutar, wayam. Na kashe na kunna sau uku, har hure ta na yi ta wajen fanka, ban san dalili ba. Uwargida tana gefe tana tsince shinkafa, ta ce, "Malam, lafiya kake gumi?" Na ce zafin gari ne. Ana tsakiyar hunturu.

Washegari na cusa ta a jaka, na tari adaidaita daga Kabuga zuwa Beirut Road. Mai gyaran ko kallona bai yi sosai ba, ya miƙa wa yaron shagonsa, wanda bai wuce sa'ar ɗana na fari ba. Yaron ya danna maɓallin Windows da E tare, ya hau View, ya sa alama a Hidden items. Ko zama ban gama yi ba.

"Baba, ga ta nan."

Ga ta kuwa, ta yi fari-fari kamar wadda ta tashi daga zazzaɓi. Ya ce ai ba inda ta je, alama ce kawai aka sa mata don kada a nuna ta. Tawa Windows 10 ce, in da 11 ce sai an bi ta Show bayan View. Maigidansa ya ce in kawo dubu biyu. Na ce na me? Ya ce ko likita duba ka kawai ya yi, ai ka sayi kati.

Ina laluben aljihu yaron ya ce, "Baba, ai biyu ne. Wannan ma taka ce?"

Kusa da tawa akwai wata folda mai dishi-dishi, sunanta Tsiren Malam. Kafin in ce kada ya buɗe, ya buɗe. Lissafina ne kaf, an kwafe, sai dai an ƙara masa layi ɗaya: gefen kowane tsire an rubuta abin da na faɗa a gida ran nan. Yaron, Allah ya shirye shi, da ƙarfi yake karatu. "Tsire dubu uku. Ya ce ba a yi albashi ba." Har mai sayar da caza na maƙwabta ya leƙo. Kwanan watan gyaran ƙarshe kuma daren jiya ne, wato bayan na gama gumina na kwanta.

Ban koma gida hannu rabbana ba, na biya na sayi kaji biyu. Uwargida ta karɓa, ta ɗaga su ta auna nauyinsu, ta sa albarka. Sannan ta ce, "Malam, kai za ka shigar da su lissafi, ko in shigar maka?"