Nasiha: Cikinka Amana Ne Ko Da Aljihu Ya Yi Sanyi

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Allah Maɗaukaki Ya ce a Suratul A'araf, aya ta 31, mu ci mu sha kada mu yi ɓarna. Mutane suna ɗauka masu kuɗi kaɗai ake yi wa wannan magana. A'a. Talaka ma yana ɓarna, kuma tasa ta fi ciwo: ya ɗauki ɗan abin da ya samu ya sayi lemon kwalba da taliyar yara, ciki ya cika, jiki bai samu komai ba. Kwalbar lemo mai 50cl tana ɗauke da sukari sama da ƙaramin cokali goma.

Maigida, idan ka shiga Kasuwar Barci ko ta Kawo a Kaduna, fara da hatsi da wake. Masara ko gero ko dawa su kaɗai ba su cika gina jiki ba, amma in aka haɗa su da wake sai wannan ya cike giɓin wancan. Don kunun yara, a auna gwangwani 3 na gero, 1 na waken suya, a ƙara rabin gwangwani na gyaɗa. A soya waken suyar sama-sama har ƙarnin ya fita kafin a kai niƙa, domin ɗanyensa yana hana jiki amfana da abincin, yana kuma ɓata ciki. Awara, ƙuli-ƙuli, daddawa da busasshen kifi duk suna tsaya wa nama a ranar da ba a kai gare shi ba.

Uwargida, aikin da ya fi yawa a hannunki yake. Jiƙa wake tun da dare, ki zubar da ruwan da safe. Zai nuna da wuri, gawayi ya ragu, kumburin ciki ma ya yi sauƙi. Kanwar da ake zubawa don gaggawa tana lalata wasu sinadaran bitamin B, a rage ta. Alayyahu kuwa a wanke shi kafin a yanka, a zuba shi ƙarshe, minti 5 ya isa. Miyar da ganyenta ya koma baƙi an riga an dafe amfaninta. Haka manja: masu barin sa a wuta har ya yi hayaƙi ya washe sun ƙona abin da jiki ke samun bitamin A daga gare shi. Zogale, rama, yakuwa da kabewa na cikin mafi arha a kasuwa, sai dai muna raina su saboda mun saba ganinsu.

Dunƙulen ɗanɗano gishiri ne mafi yawansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya. Dunƙule 5 a tukunya, ga gishiri a kai, hawan jini ake kira. A rage, a bar daddawa da citta su yi aikinsu.

Akwai arhar da ba a saye. Gyaɗa ko masara da ta yi fumfuna tana iya ɗaukar guba mai lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. A tsince, a zubar, kada a ce za a yi ƙuli da ita. Wake kuma kada a zuba masa maganin ƙwari, don Allah. A shanya shi ya bushe ƙayau, a cika jarka har baki a toshe sosai; ƙwaron zai mutu don rashin iska. Lokacin rani da tumatir ke zubewa a kasuwar Bakin Dogo, a saya a yanka a shanya kauɗa a kan tabarma mai tsabta, don idan damina ta faɗi tsada yake yi.

Imam Tirmizi ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ce ɗan Adam bai cika wani mazubi mafi sharri kamar cikinsa ba, ya kuma raba cikin uku: abinci, abin sha, numfashi. Mai tara yunwar yini ya narka malmala 3 na tuwo da dare ya kwanta bai bi wannan ba. A kasa abincin nan sau uku, a fara zuba wa yara da mai ciki da mai shayarwa rabonsu na wake da kifi kafin a miƙa wa maigida kwanonsa.