Haɗa hannu daban, ba da kujera daban

'Yan'uwa Katolika, maganar naɗa masu goyon bayan zubar da ciki a kujerun wata cibiyar Vatican ta daɗe tana ci min rai, yau kam sai na faɗa. Ni ban da matsala da Ikilisiya ta yi aiki da kowa wajen ciyar da mayunwata ko jinyar marasa lafiya, asibiti ba ya tambayar addinin likita. Kai har a siyasar duniya ma an yi, a taron yawan jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya a Alƙahira, 1994, Fadar Vatican ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da wasu ƙasashen Musulmi don kar a mai da zubar da ciki wani haƙƙi na duniya. Wannan haɗin kai ne a kan abin da aka yarda da shi tare, kowa ya san inda ya tsaya.

Amma ku dubi Cibiyar Kare Rai ta Fafaroma, wato majalisar masana ta Vatican mai nazari kan kare ran ɗan Adam. John Paul na biyu ne ya kafa ta a 1994, shugabanta na farko Jérôme Lejeune, likitan da ya ƙare rayuwarsa yana kare jariran da ke ciki. Da, duk wanda zai shiga sai ya sa hannu a takardar alkawari cewa zai kare rai bisa koyarwar Ikilisiya. A 2016 aka sake dokoki aka cire wannan sharaɗin. Shekara na zagayowa aka naɗa Nigel Biggar, malamin Angilika wanda ya taɓa cewa zai iya lamuntar zubar da ciki har wajen mako 18, sannan a 2022 aka ƙara da Mariana Mazzucato, masaniyar tattalin arziki da ba ta ɓoye goyon bayanta ga zubar da ciki ba, kuma da aka tambayi Fafaroma Francis sai ya kare naɗin da cewa ƙwararriya ce. To waye ya musa ƙwarewarta? A gayyace ta taro ta yi bayani, a saurara, a yi muhawara, a gode mata. Kujerar mamba wani abu ne daban, sunan gidan ne ka ɗora wa mutum.

Na san amsar da ake bayarwa, wai Yesu ya ci abinci da masu karɓar haraji. Gaskiya ne, ya ci, amma Matta ya tashi ya bar teburin harajin kafin ya zama manzo.

Wanda nake tausayi shi ne katikis da ke tsaye gaban matasa yana koya musu cewa rai mai tsarki ne tun daga ɗaukar ciki, sai wani yaro ya ɗaga waya ya nuna masa labarin naɗin nan ya ce Baba, to wannan fa? Me zai ce masa? Da matar da ta ƙi zubar da ciki duk da talauci da matsin dangi saboda ta gaskata abin da Fada ya faɗa mata. Waɗannan su ke ɗauke da nauyin koyarwar a jikinsu, kuma ba wanda ya yi musu bayani.

Abin da nake roƙon bishop-bishop ɗinmu shi ne su rubuta wa Roma su nemi a dawo da takardar alkawarin nan, kamar yadda bishop-bishop na Afirka suka yi magana da murya ɗaya a Janairun 2024 suka ƙi sa wa ma'aurata jinsi ɗaya albarka, kuma aka saurare su.