Ruwan lagireto: launi ba shi ne nau'i ba

A garejin Birnin Kebbi za ka ji direba ya ce wa bakanike: "Maigida, kulant ai na ƙasashen ƙanƙara ne, zuba min fiya wata kawai." Gaskiya ne kulant, wato ruwan sinadarin da ake zubawa a lagireto, yana hana ruwa daskarewa, amma mu nan ba don wannan muke bukatarsa ba. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100, wanda aka gauraya rabi da rabi da kulant kuwa sai ya haura haka. A bazara, zafi ya wuce digiri 40, ga lodi, ga hanyar Argungu, wannan ratar ba ƙarama ba ce.

Babban aikinsa ma hana tsatsa ne. Leƙa gindin butar mai shayi, ka ga farin dattin da ya daskare a ciki. Haka ruwan rijiya ko na burtsatse yake yi wa siraran hanyoyin lagireto, tsatsa kuma ta cinye famfon ruwa. Sai mota ta fara zafi a ce inji ya tsufa.

Ɗaya kuskuren shi ne saye da launi. Ja, kore, shuɗi, duk rini ne da kamfani ya ga dama ya sa. Koraye biyu na iya zama sinadarai daban, in aka haɗa su wani lokaci su yi kauri kamar kunu su toshe hanya. Duba littafin motarka, ka karanta jikin galan. Wanda aka rubuta 50/50 an riga an sirka shi, kada a ƙara masa ruwa. Murfin lagireto kuma ba a buɗe shi sai inji ya huce.