Neman Malam Hinterhaus

Sati uku da saukata Balin, babban birnin Jamus, na gane cewa rigar sanyin da na zo da ita ta ado ce kawai. Watan Nuwamba ne, kafin ƙarfe biyar duhu ya rufe gari, iska kuma kamar tana da tsohuwar gaba da kunnuwana. Na shiga intanet na sayi wata jibgegiyar riga, aka ce ranar Alhamis za a kawo. Alhamis ɗin kuwa tun safe ina aji.

Ɗakina yana unguwar Neukölln, kusa da titin Sonnenallee, inda kafin ka kai tashar jirgin ƙasa kunnenka ya ji Larabci, ya ji Turkanci, ya ji wasu harsunan da ba ka san ma daga ina suke ba. Gidan irin waɗanda aka gina wa ma'aikatan masana'antu ne fiye da shekara 100 da suka wuce: hawa biyar, babu lif, matakalar katako tana kuka duk taku. A irin waɗannan gidaje sunan mutum ake bi, wanda aka manna a jikin ƙararrawa da akwatin wasiƙa. In mai kawo kaya bai same ka ba, sai ya bar wa duk maƙwabcin da ya buɗe ƙofa, ya jefa maka kati.

Na dawo na tarar da katin. Rubutu ne kamar kaza ta yi tono, kalma ɗaya tak ta fito fes: Hinterhaus, sai lamba 3. Na ce madalla, Malam Hinterhaus, hawa na uku. Jamusancina a lokacin bai wuce gaisuwa da godiya da ban haƙuri ba, amma wa ke duba fassarar sunan mutum?

Kuskuren farko a lissafi na yi shi. Su hawan ƙasa ba ya cikin ƙirge, don haka abin da na kira na uku a wurinsu na biyu ne. Na danna ƙararrawa na tashi wani direban bas ɗan ƙasar Folan da ke barcin shirin aikin dare. Ya dubi katin, ya dube ni, ya faɗi wata magana mai tsawo. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na tabbata ba addu'a ba ce.

A sama wani dattijo Baturke ya buɗe. Da na yi sallama sai fuskarsa ta washe, ya jawo ni ciki. Iyayensa na cikin waɗanda suka zo aikin masana'anta bayan yarjejeniyar 1961 tsakanin Jamus ta Yamma da Turkiyya, wannan duk daga hotunan bango na karanto, don sai da ya nuna mini kowanne. Duk lokacin da na ce, "Baba, Hinterhaus," sai ya gyaɗa kai, ya nuna taga, ya ɗauko wani hoton. Yanzu na gane gaskiya bawan Allah yake faɗa mini. Ni a lokacin na ɗauka yana nufin mutumin ya fita.

A matakala na haɗu da masifar da ta fi duka: wani yaro ɗan Siriya, bai wuce shekara tara ba, Larabci da Jamusanci da Ingilishi duk a bakinsa. Na nuna masa katin na ce ko ya san wannan mutumin. Ya yi shiru, idonsa ya yi wani ƙyalli da ya kamata in lura da shi.

"Na san shi sosai, Yaya. Biyo ni."

Ƙofa tara muka buga. A kowacce yaron zai gyara tsayuwa, ya ɗaga murya ya ce wannan ɗalibin jami'a yana neman Herr Hinterhaus. Wata mata ta toshe baki da gyale. Wani makaniki ya kira matarsa ta zo ta ji da kunnenta. Kafin mu kai hawa na ƙarshe yara shida ne a bayana, ni kuma ina ta yaba kirkin unguwar a zuciyata, kowa fara'a, kowa dariya.

Wata tsohuwa Bajamushiya mai ɗan kare ce ta kawo ƙarshen wasan. Ta karɓi katin, ta harari yaran, ta kama hannun rigata kamar ɗan firamare. Muka sauko har ƙasa, muka ratsa tsakar gidan da nake zubar da shara, ta tura wata ƙofa da na ɗauka ta ɗakin ajiya ce. Sai ga matakala, sai ga akwatunan wasiƙa, gida guda cur a bayan namu. Ta nuna shi da sandarta, ta rarraba mini kalmar: hinter, baya, Haus, gida. Ashe sa'a biyu na yi ina neman gini ina kiransa Malam.

Rigar tana hawa na uku wurin wata ma'aikaciyar jinya 'yar Biyetnam, wadda labarin ya riga ni isa. Ta miƙo kwalin kafaɗunta na rawa.

Washegari na tarar an manna wata 'yar takarda a ƙarƙashin sunana a akwatin wasiƙa, da rubutun yara: Hinterhaus. Na ce bari in bar ta, wasa ne. Mai kawo kaya bai ɗauke ta wasa ba. Yau da nake wannan rubutu akwai kwalaye huɗu na mutanen gidan baya a ƙarƙashin gadona, ɗaya a ciki yana ƙara in an taɓa shi.